Sojan Da Ya Gaida Surukinsa A Tsaye

Umaima na tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo, sai ga mahaifinta Malam Ja'afaru ya faɗo daga zaure, ko sallama babu. Duk Rafin Guza an san shi da fara'a, amma fa in ransa ya ɓaci, ko kaza ba ta gifta gabansa.

"Mero, fito ki ji abin da 'yarki ta kwaso mana."

Umma Mero ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zani. "Lafiya, Malam?"

"Ina fa lafiya? Yaron nan da ya zo gaishe ni, Suhaibu yake ko wa, a tsaye ya gaishe ni, ƙiƙam kamar falwaya. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Ina yi masa magana, wuyansa ma ya fi ƙarfin ya juyo, sai dai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya kamar mai fareti. Ni zai nuna wa soja? Wanda bai durƙusa mini yana nema ba, ranar da ya samu ai sai ya taka ni. Maganar auren nan na kashe ta."

Rariyar ta suɓuce daga hannun Umaima. "Baba, don Allah, ba girman kai ba ne..."

"To mene ne?"

Amsar na bakinta, amma alkawari ya ɗaure ta.

Suhaib tsohon soja ne, ko da yake shekarunsa ba su kai na tsufa ba. Ya daɗe a dajin arewa maso gabas, kullum jaka a baya, hular kwano a ka, har ranar da motarsu ta kife da su. Ya tsira da ransa, amma baya da wuya suka ƙi komawa daidai, dole aka yi masa ritaya. Yanzu yana da shagon kayan sola a Babbar Kasuwa, yana kuma zuwa gashin ƙashi asibiti. Shi ya roƙe ta kada kowa ya ji a gidansu, wai kada a ce za ta auri rabin mutum.

Ta shige ɗaki ta kira shi a waya.

"Yaya Suhaib, ka sake ni daga alkawarin nan. Baba ya ce an fasa."

Ya ce, "Zan dawo ranar Juma'a. Zan durƙusa."

"Da wane bayan? Ba kai ka ce mini likitar gashin ƙashi ta hana ka ba? Ta ce tafiya a hankali da safe, tawul mai ɗumi, motsa jikin da ta koya maka, shi ke nan."

"Akwai wata ƙwaya a kemis ɗin layinmu. In na sha biyu, ba na jin komai."

"Wacce likita ya raba ka da ita da ƙyar? Haba, Yaya Suhaib. Ni fa da ciwon na gan ka, na ce ina so."

"Ke ce kika gani kika ce kina so. Su in sun gani, cewa za su yi jinya za ki tafi, ba aure ba."

Ya kashe wayar. Kai, namiji da taurin kai, balle wanda ya taɓa sa kaki! Umaima ta kifa kai a filo ta yi kuka mai isarta. Tsoro biyu ne ya cika ta: ta yi shiru ya illata kansa, ta yi magana ya ce ta tona masa asiri.

Da ƙyar Umma Mero ta shawo kan Malam ya yarda ya sake ganinsa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Suhaib ya yi sallama. Umaima ta laɓe a bayan ƙofar zaure.

Ya cire takalmi, ya cije leɓe, ya sauka a hankali har gwiwoyinsa suka taɓa ƙasa. "Baba, ina wuni. Na zo neman afuwa."

Fuskar Malam ta ɗan saki. "To, yanzu na ji magana. Tashi ka zauna."

Suhaib ya yunƙura, bai tashi ba. Ya sake yunƙurawa, sai gumi ya keto masa.

"Na ce ka tashi, ya isa." Malam ya miƙa hannu zai fizgo shi ta kafaɗa.

"Baba, kada ka ja shi!" Umaima ta banko ƙofar, mayafi a hannu. "Bayansa ne. Hatsari ya yi a bakin aiki, ba ya iya durƙuso, ba ya iya juya wuya. Yaya Suhaib, ka yafe mini, gara ka yi fushi da ni da in ga ka nakasa."

Malam ya dafa masa ƙirji da hannu ɗaya, ya ba shi kafaɗa, suka miƙe a hankali har ya jingina da bango. Suhaib ya kasa ɗaga ido, kunya ta fi masa ciwon zafi.

"Ɗan nan, tambaya ɗaya zan yi maka," in ji Malam, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya kake salla?"

"A kan kujera, Baba. Malamai sun ce ina da uzuri."

Idanun Malam suka kaɗa.

"Ubangijin da ya halicce ka ya ɗauke maka sujada, ni kuma ka zo za ka karya bayanka a gabana? Ni wane ne? Na yi maka mummunan zato, ka yafe mini. Amma kai ma ka yi laifi. Ciwon da ka samo wajen tsare mu muna barci, shi ne abin ɓoyewa?"

"Tsoro na ji, Baba, kada ku hana ni ita."

"Ƙwaya ya sha ya zo," in ji Umaima tana share hawaye.

"To ka ji sharaɗina. Asibitin nan ba fashi, kemis kuma kun yi hannun riga, sai abin da likita ya rubuta. In ka karya, a bakin wannan zan ji, ka dai ga ba ta iya riƙe magana."

Suhaib ya yi murmushin da ya haɗu da hawaye. "Na ɗauka, Baba."

Malam ya juya ya harari 'yarsa. "Ke kuma kin tsaya kina kallona. Je ki kawo wa mijin naki kujera."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura auren. Ciwon bai tafi ba, irinsa ba ya tafiya, lallaɓa shi ake yi. Amma kullum da sassafe mutanen Unguwar Sarki, inda suka tare, na ganin su biyu suna takawa a hankali, tana yi masa tsiya yana dariya. Ku da ke neman aure, ku ji da kyau: lalura ba abin kunya ba ce, ɓoye ta ne ke jawo zargi. Iyaye kuma a riƙa tambaya kafin a yanke hukunci, don ba duk wanda ya gaishe ka a tsaye ne ya raina ka ba.