Keken da Aka Naɗe a Tabarma

Ranar da Mardiya ta fara ganin Falalu, a durƙushe yake ƙarƙashin bencin da za ta zauna, da ƙusoshi a bakinsa.

Cibiyar unguwa ce a Maamobi, tsohon sito da mutanen Zango, wato unguwannin baƙi Musulmi, suka gyara da hannunsu. Bayan la'asar manya ke zuwa karatu. Ɗaki ɗaya na masu koyon karatu da rubutu ne, ɗayan kuma na masu sake jarrabawar sakandare da ake kira Nobdek. A baya akwai rumfar da mata ke ajiye 'ya'yansu, da wani ɗan ɗaki mai sanduna da kekunan marasa lafiya, duk mai buƙata ya ara kyauta. Ranar Laraba nas takan zo ta gwada hawan jini. Duk wannan yana nan, amma da yawa cikin mutanenmu sun fi son su ruɓe a ɗaki da a gan su a ƙofar wurin.

Falalu ya tofar da ƙusoshin a tafinsa. "Anti, ɗan dakata. In kika zauna yanzu, ni da ke sai asibiti."

"Kai kafinta ne ko ɗalibi?"

"Duka biyun. Da safe ina ƙera gadon amare a Nima, da yamma ina koyon rubuta sunana."

Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe da daina yin ta. Amma da aka tashi, ta gan shi yana fama da wani layi a littafinsa, yatsa a kan baƙi, goshi na zufa, sai ta tsaya ta karanta masa. Tun daga ranar yake ce mata Malamata, ita kuma ta ce masa Kafintana.

Da farko saƙon murya yake tura mata, don shi ya iya. Wata rana da hantsi tana kwashe wake da shinkafar da take sayarwa a bakin titi, wayarta ta yi ƙara. Rubutu ne.

"Malamata, barka da aiki. Wannan ne saƙo na farko da na rubuta da hannuna. Ban tura wa kowa ba sai ke."

Ta goge hannu da zane ta amsa: "Kafintana, na karanta har sau ba adadi. Allah ya ƙara basira."

Abin da Falalu bai sani ba shi ne, kullum Mardiya ta fito karatu, sai ta kulle mahaifinta a ɗaki.

Malam Zuberu shi ne ladanin masallacin layinsu a Nima tun kafin a haife ta. Muryarsa ce ke tashin unguwa. Bayan rasuwar matarsa, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, kalma ba ta fita sai da ja da yawu. Ya sa 'yarsa ta rantse ba za ta bari kowa ya gan shi haka ba. Aka shaida wa jama'a ya tafi Salaga wurin 'yan uwa. Gidansu ƙarami ne a ƙarshen lungu, ba ɗan haya, don haka ƙaryar ta zauna. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke zubar da fo. Wannan ba tawakkali ba ne, girman kai ne, kuma 'yarsa ce take biyan kuɗinsa da bayanta.

Mutum ɗaya ne ya sani, Sadiƙ, ɗan ƙanwar Malam, mai shagon wayoyi a unguwar Madina da ke can gefen gari. Yana son Mardiya, Malam kuma yana son sa da ita, don sirri ya tsaya a gida. Sadiƙ kan zo da lemo a leda, ya tsaya daga bakin ƙofa yana toshe hanci da dabara. Bai taɓa sa hannu an ɗaga kawunsa ba.

"Ki bar wannan makarantar tsofaffin," yakan ce mata. "Me za ki yi da satifiket a ɗakina?"

Ita kuwa nas take so ta zama. Jarrabawar Nobdek da take sakewa ta ƙarato, bayanta ya fara ciwo, ta fara fashin aji. Ranar da ta dawo, Falalu ya tare ta a gindin rumfa.

"Malamata, kin rame. Kuma kullum hannunki warin maganin asibiti yake. Waye ba lafiya?"

Ta yi niyyar maimaita labarin Salaga, sai kuka ya riga ta. Ta gaya masa komai.

Ya kai ta wurin Anti Nasira, tsohuwar malamar makaranta mai kula da cibiyar. Anti Nasira ta saurara, ta ce: "Keke yana nan yana tsatsa. Ku ɗauka. Ko tsakar gida kika fito da shi ya sha rana, ya rage miki. Mata kuma za su riƙa zama da shi lokacin aji, in ya yarda."

"Ba zai yarda ba, Anti. Keken kawai." Ta juya ga Falalu. "Amma don Allah kada kowa ya gani. In aka ga keken guragu ya shiga gidanmu, Baba ba zai yafe mini ba."

Falalu ya ɗauki maganar da nauyinta. Washegari ya naɗe keken, ya lulluɓe shi da doguwar tabarma, ya ɗaure da igiya. Lungunan Nima kuwa ba a tura komai a cikinsu, saboda ƙunci da kwatocin da suka ratsa ko'ina. Sai shi da abokin aikinsa Mutawakilu suka ɗora a kafaɗa, ɗaya gaba ɗaya baya, suna tafe shiru, fuska a ɗaure don kada a yi musu tambaya.

Duk wanda ya tashi a Zango ya san abu ɗaya ne maza biyu ke ɗauka a kafaɗa, a naɗe da tabarma, suna shiru. Wata tsohuwa mai koko ta gan su sun shiga gidan ladanin da aka yi watanni ba a ji muryarsa ba, ta ajiye ludayi ta fara salati. Kafin su kwance igiya, labari ya kai masallaci cewa an kawo gawar Malam Zuberu daga Salaga.

Mardiya na ba shi kunu da cokali ta ji sallama ta cika gida. Ba wanda ke neman izini a gidan mutuwa. Dattawa suka ɗaga labule, liman Malam Sumaila a gaba, suka tarar da mamacin a jingine da filo, kunu na bin haɓarsa, zanen jikinsa a jiƙe.

Malam Zuberu ya dubi fuskokin da ya ɓuya wa, ya dubi saurayin da ke tsaye da keke a tsakar gida. Ya yi ta kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Kun binne ni da raina."

Da mutane suka watse, ya ce wa Mardiya muddin yana numfashi, kafintan nan ba zai sake taka gidansa ba, ita ma ta gama zuwa cibiya. Keken aka jefa shi bayan ɗaki.

Sadiƙ ya zo da yamma ya ƙara gishiri. "Da gangan ya yi. Ya san Kawu ba zai ba shi ke ba, shi ne ya tona asiri don ya zama gwarzon unguwa."

Mutum in ya gaji, duk abin da aka zuba masa sha yake. Mardiya ta rubuta wa Falalu: "Na ce kada kowa ya gani, ka tara mana Nima gaba ɗaya. Kada ka sake nemana."

Amsar ta daɗe kafin ta zo, don a hankali yake rubutu. "Malamata, na rufe shi ne don ke kika ce. Wallahi ban tuna da makara ba sai da na ji salati. Laifina ne. Ba zan dame ki ba."

Bai sake rubutowa ba. Damina ta sauka, kwatoci suka cika suka tumbatsa. Mardiya ta tura littattafanta ƙarƙashin gado. Malam ya juya fuska bango, ya rage cin abinci. Sadiƙ ya fara maganar sa rana, ya kuma kawo shawarar a kai Kawu ƙauye bayan biki, don gidansa na Madina bene ne.

Amma ƙofar da ta buɗe ba ta sake rufuwa ba. Mata suka fara aiko da tuwo. Ranar Laraba Anti Nasira ta zo da nas har gida, Malam ya kore su da hannunsa mai lafiya, Laraba ta gaba suka dawo. Malam Sumaila kuwa kullum bayan azahar sai ya shigo ya zauna, ko an amsa sallamarsa ko ba a amsa ba.

Wata rana Mardiya na wanki ta ji limamin ya ɗaga murya.

"Zuberu, tare muka yi allo, don haka zan faɗa maka. Ranar da aka ce ka mutu, mahauta sun rufe teburinsu, direbobin motocin haya na trotro sun sauke fasinja. Ka hana mu ladan dubiya, ka mai da yarinya jaka. Ciwo ba abin kunya ba ne, abin da ka yi mata shi ne abin kunya."

Limamin ya ci gaba.

"Kuma wanda ka kora, ka san abin da yake yi? Ke Mardiya, leƙa waje ki gaya wa ubanki."

Rabonta da bin lungun masallaci tun ranar abin, ta ɗaya hanyar take fita kasuwa. Ta leƙa. An shimfiɗa katako mai kauri a kan kowace kwata, an kafe shi da ƙusa, daidai faɗin keke, tun daga ƙofar masallaci. Saura kwata ɗaya, ta bakin gidansu. Falalu na tsaye a can gefe cikin yayyafi da katakon ƙarshe a hannu.

"Me ya sa ba ka sa wannan ba?"

"Malam ya ce kar in taka gidansa. Wannan kwatar tasa ce."

Ta ga yadda ya rame, ta ga yatsansa ɗaure da tsumma. "Na zalunce ka, Kafintana."

"Ni ma na yi wauta, Malamata. Kin koma aji?"

Ta girgiza kai. Wannan ya fi komai ɓata masa rai, ta gani a fuskarsa.

Ta koma ciki ta durƙusa gaban gado, ta faɗi abin da ta gani. Sannan ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba. "Baba, ni na ce ya ɓoye keken. Na gaji, Baba. Ina son in yi jarrabawata, kuma shi nake so. In ka ce a'a, ba zan saɓa maka ba, amma Sadiƙ kam ba zan aure shi ya jefar da kai ƙauye ba."

Malam ya juyo ya dube ta. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ba ya motsi, ta sa gefen mayafi ta share.

"Ɗauko... keken," ya ce.

Jarrabawar bana ta riga ta wuce ta, ba abin da zai dawo da ita. Ta sake rajista, matan cibiya suka raba kwanaki suna zama da Malam lokacin aji. Sadiƙ ya daina zuwa, ya daina ma aiko da lemon. Nas ta faɗa musu gaskiya, cewa da an kawo shi da wuri da hannun ya motsa, yanzu kam sai dai lallaɓawa.

Ranar Juma'ar da aka ɗaura aure, Falalu da kansa ya turo surukinsa a kan katakon har sahun gaba. Malam Sumaila ya tambayi wanda zai yi walicci, wani dattijo ya gyara zama, Malam Zuberu ya ɗaga hannu ya tsai da shi. Aka miƙo masa lasifikar da ya shekara da shekaru yana kiran salla da ita. Mardiya na tsakar gida cikin mata, da lalle a hannu, ta ji muryar ta fito a karye, tana ja, kowane harafi da ƙyar.

"Na ba... Falalu... 'yata Mardiya."

Ba matar da ta yi guɗa nan take. Sai da tsohuwa mai koko ta share ido, sannan ta fara.

Da aka dawo da shi gida, ya sa aka kira su biyun suka durƙusa. Ya dubi Falalu. "Katakon nan... zai yi ƙarko?"

"Zai yi, Baba."

"To. Makarar gaskiya... ta nan za ta bi."

"Baba, don Allah," in ji Mardiya.

Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta, sannan ya matsar da shi kan mijinta. "Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku masu jin ƙanku. In ciwo ya zo muku... ku buɗe ƙofa."

Suka ce amin, matan da ke bakin labule ma suka amsa.