Lasin da Ilu Bai Samu Ba

"Ka dai riƙe bakinka, Ilu! In sun tambaye ka, ka ce lafiyarka ƙalau."

Kulu ce ke gargaɗin ɗanta kan gwajin lasin da zai je, tana tankaɗe a tsakar gidansu na Dala. Ilu ya sunkuyar da kai. Tun yana yaro farfaɗiya ke kayar da shi jefi-jefi. In ta kayar da shi, Kulu kan rufe ƙofa ta ƙona kara a inda ya faɗi, don mutane na cewa a yawu ake ɗauka. Ko maƙwabta ba su sani ba.

Ilu karen mota ne a motar gyaɗar Baba Kyari na Shahuci, kuma son Hassana, 'yar maigidan nasa, ya gama kama shi. Baba Kyari ya yi alkawari, ranar da Ilu ya samo lasin direba za a sa rana.

Ranar gwaji tsohon da kansa ya raka shi ofis, yana ta fara'a.

"Tafiyarka ta farko, Hassana da gwaggonninta za ka kai Bichi gaida dangi," in ji shi. "Su ga surukina a kan sitiyari!"

Da suka isa, Ilu ya zauna a benci cikin masu jiran gwaji.

Akawu ya fara tambaya. "Kana gani sosai?"

"Ina gani, Malam."

"Kana da ciwon da ke kayar da mutum, irin su farfaɗiya?"

Ƙarya ta zo har bakinsa. Sai ya hango kansa ya sandare a kan sitiyari, mota na gangarawa, Hassana na zaune a baya.

"Ina da ita," ya ce, murya can ƙasa.

"Me ka ce?"

"Ina da farfaɗiya, Malam."

Waɗanda ke zaune da shi a benci suka dare kamar an jefo maciji. Akawu ya ja kujerarsa baya ya ce doka ta hana a ba shi lasin. Baba Kyari ya saɓa rigarsa ya fita. Ilu ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

A gida Kulu ta ɗora hannu a ka. "Ka tona mana asiri! Wa zai ƙara cin abincin gidan nan?"

Magana kuwa ta zaga Dala kafin la'asar. Ilu ya daina fita, ko masallaci sai ya raɓe a sahun baya. 'Yardada, ƙanwar Baba Kyari, ta rantse ba za a haɗa jini da su ba. Hassana ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma duk wanda aka kawo mata sai ta ce, "Ni fa ba lasin na ce ina so ba, Ilu na ce."

Sai da damina ta wuce, sannan Baba Kyari ya aika a kira Ilu. Ilu ya tsuguna a soro, nesa da tabarma.

"Matso mana. Na je asibiti na tambayi likita, ya ce ba a ɗauka, kuma akwai magani mai rage ta. Na yi fushi da ka ɓoye mini, Ilu, ƙwarai na yi fushi."

"Kunya ce, Baba."

"Na sani. Amma da ka ce wa akawu a'a, wa zai kama ka? Direba ana samu a kowace tasha. Wanda zai yarda ya sha kunya a bainar jama'a don kada ya kifar da 'yata, shi ne ban da shi. Gobe ka tafi gareji ka koyi gyara."

Hawaye suka zubo wa Ilu. Daga bayan ƙofa aka ji wata 'yar dariya, 'Yardada na cewa, "Ke Hassana, ba ki da kunya!"

Bayan salla aka ɗaura aure. Ilu bai taɓa riƙe sitiyari a kan hanya ba har ya tsufa, bai kuma yi nadama ba. Yara, ciwo daga Allah yake, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mutum ya ɓoye shi ya ɗauki rayukan mutane a mota.