Mabuɗin Ganuwar Coci

Tun da 'yan ƙabilarta Saksonawa na ƙauyensu suka watse zuwa Jamus, Rosina Depner ce ta rage riƙe da mabuɗin cocin da kakanninta suka kewaye da ganuwa. 'Ya'yanta sun yi lallashin duniya ta biyo su, ta ƙi.

Wani dare, dusar ƙanƙara na zuba, ta kulle ƙofar ganuwar ke nan sai ga mutum cikin rigar fatar tunkiya, irin wadda maza suka daina sawa tun tana yarinya.

"Rosina, kin gaji," ya ce da harshensu. "Kawo mabuɗin ki huta."

"Likita ma ya faɗa ban ji ba, balle kai."

Ta ɗaga fitila. Numfashinta na tururi, nasa babu. Ƙanƙarar da ta sauka a girarsa ba ta narke ba.

"Duk muna ciki, a maƙabartar cocin. Ke muke jira."

Ta cusa mabuɗin a ƙirjinta. "To ku yi ta jira. Ina da ƙararrawar kaɗawa da safe."

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya ja kunnensa na hagu. Haka marigayi babanta yake yi in ta yi masa taurin kai.