Galan Biyu Zuwa Garo

Ana saukowa daga masallacin Juma'a aka tarar da Baba Mijinyawa, maigadin siton ƙungiyar manoma ta Garo, kwance rub-da-ciki a bakin ƙofa, ƙeyarsa a fashe. Siton a wangale yake, an ɓalle kwaɗon. Buhu talatin na takin zamani babu su babu dalilinsu.

Kafin la'asar Sufeto Abdulmumini ya iso daga Kabo. Bai daɗe a kan gawar ba. Tsohon bai yi kokawa da kowa ba, ko hularsa ba ta yi nisa da shi ba. Juya baya ya yi wa wanda ya sani.

Ƙasa ce ta fi ɗaukar masa hankali. An yi ruwa da safe, saboda haka motar da ta kwashe takin ta bar sawunta raɗam a taɓo. Sawu mai faɗi, mai manyan haƙora, kuma ɗaya daga cikin tayoyin baya na da yanka kamar jinjirin wata.

"Wa ke da irin wannan tayar?" ya tambayi mutanen da suka yi cirko-cirko.

Ba mutum ɗaya ne ya amsa ba. "Sabi'u!"

Daga Gwarzo har Kabo babu wanda bai san jar akori-kurar Sabi'u ba. Tsohuwar mota ce da ya ɗora wa tayoyin da suka fi ƙarfinta, tana tafe tana ɗaga kai kamar raƙumi.

Sufeto bai yi gaggawa ba. Ya fara jan Badamasi gefe, ma'ajin da makullin siton ke hannunsa.

"Ina ka yi Juma'a?"

"Sahun gaba, Yallaɓai, kafaɗata da ta dagaci. A tambaye shi."

"Makulli fa?"

Badamasi ya zaro shi daga aljihu. "Da ni ne, me zai kai ni ga fasa kwaɗo?"

"Wa ya san takin ya iso?"

"Har 'yan tallan goro sun sani."

"Me ya hana Baba zuwa masallaci?"

"Gwiwa ce ta kumbura masa. Shekarata shida a nan, yau ne karo na farko da Juma'a ta wuce shi."

Sufeto ya gyaɗa kai. Ashe wanda ya zo bai zo da niyyar kisa ba. Ya zo ne yana jin ba kowa, sai ya yi kiciɓis da idon da ya san shi. Dagaci ya tabbatar da zancen Badamasi, aka sallame shi. Kafin magariba an taso ƙeyar Sabi'u daga Gwarzo, shi da motarsa.

Da safiyar Asabar mutanen Garo suka cika gaban caji ofis na Kabo. Babu ihu, babu jifa, tsaye kawai suke. Wani daga cikinsu ya gangaro da tsohuwar taya, ya jingina ta da ƙofar shiga, ya koma cikin mutane. Ba wanda ya ce ta mece ce. Ba wanda yake bukatar a faɗa masa: irinta ake rataya wa ɓarawo a wuya a cinna wuta.

Babban jami'in ofishin ya leƙa ta taga ya ce, "Abdulmumini, mu takwas ne yau. Ban san ko za mu iya riƙe ƙofar nan har magariba ba."

A ɗakin tambaya, Sabi'u na zaune a ƙasa, dogo, siriri, leɓɓansa sun bushe.

"Ina motarka take jiya da azahar?"

"Wurin Baƙo mai faci, a Gwarzo. Tayar gaba ce ke sacewa. Na ajiye ta da hantsi, na hau acaɓa zuwa gonata, na yi sallah a hanya. Sai la'asar na ɗauke ta."

"Makullin motar?"

"Yana aljihuna. Ba na bai wa kowa."

"Ka san amsar nan rataye ka take yi?"

"Ita ce gaskiya, Yallaɓai."

"Me ya kai ka saka wa tsohuwar mota irin waɗannan tayoyi?"

"Son a gani." Ya sunkuyar da kai. "Baƙo ne ya sayar mini. Ya ce babbar taya juyi ɗaya ta ci ƙasa fiye da ƙarama, saboda haka mai zai riƙa auki. Sai da na ƙara sifirin, na sa aka yanke ƙarfen da ke saman tayoyin don kada su riƙa guga. Wallahi tun ranar ban huta ba. Injin ya tsufa, tayoyin sun yi masa nauyi, tudu kaɗan sai na koma lamba biyu ina danna totur. Inda nake zuba galan biyu, yanzu uku ne."

"Ka gaya masa?"

"Ya ce ƙafata ce ke da nauyi. Tun da ta taɓa yashe ni a hanyar Gammo, ban ƙara fita babu jarkar ko-ta-kwana ba. Tana bayan mota, a ɗaure da sarƙa."

Sufeto ya fita bayan ofis. Jarkar na nan, cike taf. Tayar baya ta dama na da yankan jinjirin wata, kuma duka huɗun jan taɓo ya cushe musu haƙora. Ya cire hularsa ya kwanta rigingine a ƙarƙashin motar. Cikinta a bushe yake ƙayau, sai tsohuwar ƙura. Ya daɗe yana kallon wannan ƙurar. Da zai tashi ya shafa kafaɗar tayar baya, ya ɗago yatsansa da ɗan farin fenti.

Rumfar Baƙo na bakin titi a Gwarzo, bayanta an kewaye fili da tsofaffin kwanukan rufi. Baƙo gajere ne, kakkaura, mai yawan fara'a. Warin sholisho, ruwan gam ɗin da ake faci da shi, ya riga shi isowa.

"Yallaɓai, sannu da zuwa! Ya aiki? Ya iyali? Ya muka ji da wannan tashin hankali? Yaron nan ƙanena ne, wallahi ko barci ban yi ba."

"Ya ce a wurinka motarsa ta wuni."

"Ayya. Ya kawo ta, ba ƙarya. Na yi masa facin taya ɗaya, sha biyu ya dawo ya ɗauka. Ni kuma na rufe na tafi masallaci." Ya dubi motar 'yan sandan ya yi dariya. "Yallaɓai, waɗannan 'yan tayoyin naku kamar na baro? Ku zo in ɗora muku manya, ku ga sauƙin mai."

"Da gaske suna rage shan mai?"

"Lissafi ne ai! Mai dogon ƙafa da gajere, wa zai riga gajiya?"

Ta ƙofar filin Sufeto ya hango gindin wata farar akori-kura, irin ta Sabi'u sak, sai dai a kan ƙananan tayoyinta na asali. An wanke ta fes.

"Taka ce?"

"Tsohuwa ke nan. Ina ɗan taɓa dakon masara da ita. Agogon mai ya mutu tun ina saurayi, amma ni da ita mun san juna. Galan biyu, Garo da dawowa, da kaya ko ba kaya, ko ta titi ko ta daji. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Hadari ya fara haɗowa daga gabas lokacin da Sufeto ya koma Garo. Idan ruwan nan ya sauko, sawun ya tafi, Sabi'u ma ya tafi. Ya ari babur ya bi shatin tayoyin. Ba su hau kwalta ba. Ta bayan gari suka yanke, suka kama hanyar gonaki da ke ɓullewa wajen Lakwaya, tsakanin dawa da ta kai ƙirji.

Ya yi tafiya mai nisa kafin ya taka birki. A wani fili shimfiɗaɗɗe, inda babu rami babu tudu, tayoyin sun nutse fiye da ko'ina. Motar ta daɗe a tsaye a nan. Ga sawun silifa ya fita, ga shi ya dawo. A gindin wata sabara an yar da gorar ruwa da aka yanke aka yi mazurari da ita. Ya shinshina. Fetur.

Sawun silifar ya kai shi wani ɗan ƙauye mai gida bai fi goma ba, inda ƙarar injin niƙa ke tashi. Mai injin wata dattijuwa ce, Uwaliya. Bayan sun gaisa, sun tambayi juna ruwa da amfanin gona, ya ce, "Inna, jiya da azahar wani ya zo neman mai?"

"Ya zo. Maza duk sun tafi Juma'a, sai mu. Ya tsaya daga bayan zana yana ta sallama kamar wanda aka biyo. Na tsiyaya masa na injina."

"Kin ga fuskarsa?"

"Hannu kawai ya miƙo. Hannu baƙi ƙirin, da wari irin na masu gyaran keke." Ta kashe injin. "Ɗan nan, in ka san shi ka ce ya dawo mini da jarkata. Ruwan ɗorawa ce, na ɗaura mata jan ƙyalle a hannu."

An fara yayyafi sa'ad da Sufeto ya sake tsayawa a rumfar Baƙo, wannan karon da kurata biyu.

"Yallaɓai, ka yanke shawarar tayoyin ke nan?"

"Na yanke. Mu je ciki."

Ya wuce kai tsaye wurin farar motar, ya durƙusa, ya zura hannu a ƙarfen da ke saman tayar baya. "Zo ka gani, Malam Baƙo."

Fentin wurin ya goge, ƙarfe na ƙyalli, da baƙin shatin roba a gefensa. Tsakaninsa da ƙaramar tayar akwai tazarar da ta fi taƙi guda.

"Wace taya ce ta yi tsalle ta gogi nan?"

"Tsohon tabo ne."

"Tsohon tabo a damina, ba tsatsa?" Sufeto ya miƙe. "Bari in ba ka labari. Sabi'u ya bar maka mota ya tafi da makulli. Ba motar kake bukata ba, ƙafafunta kake so, don kowa ya san sawunsu. Ka ɗage ta a jak a bayan kwanukan nan, ka ɗaura tayoyinta a taka. Wa zai kula da mai faci yana kwance taya? Ka je Garo kana jin sito ba kowa. Baba Mijinyawa ya gan ka, ya san ka, ya juya zai ɗauko maka tabarma."

Fara'ar Baƙo ta tsaya a fuskarsa kamar an liƙa ta.

"Ka mayar da tayoyin kafin la'asar, ka wanke taka. Tasa ba ka wanke ba, don kana so mu ga taɓo. Mun gani. Tayoyi sun sha laka, cikin mota a bushe. Sun je Garo ba tare da ita ba. Sabi'u ya yanke ƙarfen motarsa, kai ba ka yanke ba, shi ya sa da buhu talatin suka danne taka, farin fentinka ya biyo kafaɗar tayarsa. Motar Sabi'u ja ce."

"Fararen motoci sun yi ɗari a garin nan."

"Haka ne. Amma guda nawa mai ya ƙare wa jiya a hanyar Lakwaya? Sabi'u na da jarka cike a bayansa, ba zai taka ya je roƙon mai ba. Wanda ya je shi ne wanda ya auna kaya, ya auna hanya, ya zuba galan biyunsa na kullum. Tayar ce kawai bai auna ba. Ka daɗe kana gaya wa mutane babbar taya na rage shan mai, har kai ma ka yarda."

Ɗaya daga cikin kuratan ya fito daga bayan tarin tsofaffin tayoyi. A hannunsa na dama ƙarfen cire taya ne, an goge shi fiye da sauran. A na hagu, jarka ruwan ɗorawa, jan ƙyalle na lilo a hannunta.

Baƙo ya dube ta. Ya zauna daɓas a taɓo.

"Baba ce mini ya yi, 'Baƙo, kai ne? Ba ka je masallaci ba?'" Ya share fuska. "Takin na kangon kawuna a Lakwaya."

Ruwa na ɗiga daga gemunsa. Can ya ɗago, da gaske yake tambaya. "Yallaɓai, galan biyu fa na zuba. Cif."

Ba a wuce da Baƙo Kabo ba, Kano aka miƙa da shi ta wata hanya. Sufeto ya tsaya a ƙofar caji ofis cikin ruwa, dagaci a gefensa, ya yi wa mutanen Garo bayani tun daga sawu har jarka. Suka saurara har ya gama. Ɗaya bayan ɗaya suka juya.

Sabi'u ya fito yana dafa bango. A bakin ƙofa ya tsaya. Tsohuwar tayar na nan a jingine, ruwa ya taru a cikinta, wanda ya kawo ta bai dawo ya ɗauka ba.

"Tawa ce, ko?" ya tambaya a hankali.

"Ɗazu taka ce," in ji Sufeto.

Sabi'u ya miƙo masa makullin motar. "Yallaɓai, ta kwana a nan. Sai na samo mata ƙanana." Ya raɓa ta gefen tayar ba tare da ya taɓa ta ba, ya kama hanyar Gwarzo a ƙasa.