Rigar Sanyin Da Baba Ya Raina

Baba bai ko warware rigar ba. Ɗora ta ya yi a tafin hannu, ya ɗaga sau biyu, ya ajiye a hannun kujera.

"Wannan ce rigar sanyin? Ko hankici ne aka yi wa hannuwa?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sati uku masoyina ya yi yana saƙa ta, shi da duk layinmu ke kira Mai Saƙa saboda ɗan shagonsa na rigunan sanyi. Ita ce kyautarsa ta farko ga mahaifina, kafin ya nemi izinin kawo iyayensa.

To amma Baba shekara talatin ya yi a bakin sikeli a ɗakin ajiyar kaya, har hannunsa ya koma ma'auni. Ko kankana aka sayo sai ya ɗaga ya yanke mata hukunci. A wurinsa, abu in babu nauyi an cuce ka. Ya nuna tsohuwar suwaitar da ke jikinsa, wata ƙatuwa kamar bargo, ya ce ga rigar sanyi nan. Ya ce wanda ya tsuke hannu a zare tun ba a ba shi mata ba, me zai yi in an ba shi? Maganar zuwan iyaye kuma a dakata.

Ko takalmin kirki ban tsaya sawa ba na nufi shagon.

Na same shi yana ɗinke bakin wata hula. Na zazzage masa duk abin da ke cikina, ni da ma bakina ba linzami. Ya bari sai da na gaji, sannan ya ɗauko irin rigar ya ɗora a ƙaramin sikelinsa. Giram ɗari biyu da arba'in. Ya ce ta Baba za ta kai kilo guda, amma rabin zarenta roba ne. Wannan kuwa kashmiya ce, gashin cikin wata akuyar duwatsu, siriri sosai, iska yake riƙewa a tsakaninsa, iskar ce ke tsare ɗumin jiki. Ya ce in zare iri ɗaya ne, gaskiyar Baba ce, mai nauyi ta fi ɗumi. In zaren ya bambanta, hannu ba ya iya faɗa, sai fata.

Na nuna masa kantar shagon. Ga masu zare huɗu can a jere, masu kauri, duk na kashmiyar. Me ya sa ya yi wa ubana mai zare biyu?

"Ki yi haƙuri, rabin raina... wannan ce daidai da shi."

"Daidai da shi ko daidai da aljihunka?"

Ya sunkuyar da kai, ya koma kan ɗinkin hularsa. Na fita ina kuka, ina jin haushinsa, ina jin haushin bakina.

Kwana huɗu ba mu yi magana ba. Umma dai ta ɗauki rigar ta goga a kumatunta, ta ninke ta ajiye. Ranar da Baba zai je duba wani tsohon abokin aikinsa, da sassafe, sanyi har cikin ƙashi, sai ga ƙatuwar suwaita a bokiti ta sha ruwa sharkaf. Wai Umma ta manta zai fita! Matar da ba ta manta ko inda ta ajiye allura. Ita kuwa rigar nan in ta jiƙe, kwana uku take kafin ta bushe.

Baba ya yi faɗa har ya gaji. Ƙarshe ya zura hankicin nasa a ƙarƙashin riga, don kada a gani, ya fita yana ƙunƙuni.

Ya dawo babu ƙunƙuni. Washegari na hango bakin wuyan hankicin yana leƙowa ta ƙarƙashin rigarsa. Tsohuwar ta bushe, Umma ta ninke ta ajiye masa a kan gado, bai taɓa ba. A rana ta shida ya ce in kira masa yaron nan.

Mai Saƙa ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar falo. Ni ina tsaye bayan kujerar Umma.

"An ce kana da masu kauri. Me ya hana ka kawo min?"

Mai Saƙa ya kalle ni, ya kalli ƙasa. Baba ya ce ya yi magana, nan duk gida ne.

"Mai kauri na fara, Baba, har na kai rabi. Ranar da na zo gaisuwa na ga za ka cire taka... ka ɗaga hannu ka kasa, ka dafe ƙirji ka jira numfashi. Sai na warware na sake. Na ga ba ka faɗa wa kowa ba, shi ya sa ni ma ban faɗa ba."

Umma ta juya ta kalli mijinta. Baba ya daɗe yana murza bakin hannun rigar kafin ya ce wata biyar ke nan abu mai nauyi na danne masa ƙirji. In ya sa ya kasa numfashi, in ya cire sanyi ya kama shi. Bai so ya tayar mana da hankali ba.

Wata biyar. Ni da nake kai masa shayi kullum ban gani ba, wanda ya zauna minti goma ya gani. Kuma ni ce na kira shi marowaci. Hawaye suka ɓalle min, na kunya da na godiya a haɗe.

Umma ta ce gobe asibiti, ba shawara take nema ba. Karon farko a rayuwata na ji Baba ya ce to bai yi gardama ba.

Sannan ya miƙa wa Mai Saƙa hannu ya tashe shi daga durƙuson, ya zaunar da shi kusa da shi.

"Ka ce wa iyayenka ina jiransu. Goben kuma kai za ka raka ni wajen likita, ɗana. Ka fi ni iya faɗin abin da ke damuna."