Kaskon Tattabarun Shahzeb

Ranar Juma'a aka sa ranar auren Mahrukh da Shahzeb, maƙwabcin nan mai kiwon tattabaru da gidan su Mahrukh ya kora har sau biyu da ya zo neman aurenta. A tsohon birnin Lahore aka yi, cikin zafin Yuni, mako guda bayan an dawo da kyanwa Motiya daga wajen likitan dabbobi.

Kyanwar ta Dadi ce, kakar Mahrukh, kuma Dadin ce ta fara ƙin Shahzeb. Zazzaɓin da ya kama kyanwar ya sauka, amma likita ya ce in ba ta shan ruwa ƙodarta za ta tsaya. Motiya kuwa ta ƙi. Mahrukh ta gwada kofin shayi, ta gwada romon kaza marar gishiri. Ta ɗiga mata da sirinji a gefen baki, rabi ya zube. In aka ja fatar wuyanta ba ta komawa da wuri.

Dadi ma ta daina cin abinci.

Goggo Nargis, mai son haɗa Mahrukh da ɗanta, ta ce ai guba aka ba kyanwar, kuma kowa ya san wanda take cinye wa tsuntsaye.

Rana ta uku da la'asar Mahrukh ta hau saman soro. Katanga ɗaya ce tsakaninta da soron Shahzeb, yana can wajen tsuntsayensa.

"Ana cewa kai ne," ta ce.

"Ke fa me kika ce, hasken idona?"

"Ni tambaya na zo yi... yaya zan yi ta sha?"

Ya ce ta sauka, zai biyo ta ƙofa.

Ya zo rungume da faffaɗan kaskon yumɓu, bakinsa duk gansakuka. Abbu, mahaifinta, ya tare shi, ya ce wanda ke wuni a soro yana yi wa tsuntsaye fito ba ya taka masa gida. Dadi ta ce a bar shi, a ga ƙarshen ƙarya.

Ya ajiye kaskon a tsakar gida, ya zuba ruwan tulu kaɗan, ya ja da baya. Sannan ya yi fiton da yake kiran tattabarunsa.

Motiya ta ɗaga kai.

Ta miƙe tana tangaɗi, ta ratsa tsakar gidan, ta sa baki.

Ba wanda ya motsa. Ƙarar harshenta kaɗai ake ji. Mahrukh ta ƙirga har arba'in, kyanwar ba ta ɗago ba.

"Ɗan nan, me ka sa a ciki?" in ji Dadi.

"Ba komai, Dadi. Shekara shida ke nan a wurina take sha, in tsuntsaye sun gama."

Dadi ta tambaye shi tattabaru nawa kyanwar ta cinye masa. Ya ce goma sha ɗaya.

"Ba ka taɓa jifarta ba?"

"Ta gidan su Mahrukh ce."

Dadi ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ce wa Nargis ta tashi ta ɗora shayi, a kuma kawo mata gurasa, yunwa take ji. Mahrukh ta rufe fuska da mayafi.

Abbu ya amince bisa sharaɗi ɗaya: a sayar da tattabarun kafin ɗaurin aure. Dadi ta ce ko ɗaya ba zai bar soron ba. Saura wata uku a ɗaura auren, kuma har yanzu Dadi da ɗanta Abbu ba su daidaita ba.