Kai Za Ka Ci Da Shi

Duk wanda ya san garinmu, can yammacin Gidan Rumji, ya san ya daɗe da juya wa gulbi baya. Majema da ramukan masu bulo sun tare gaɓar, warin jima kuwa ko kare sai ya kauce. Sai meri, hukumar garin, ta ce za a tashi majemar, a fasa hanya daga kasuwa har bakin ruwa, a gina matakala da shaguna.

Nomau majemi ne, ramukan da ya gada suna cikin waɗanda za a cike. Tsoron talauci ya hana shi sukuni. Bai tsaya neman wani fili ba, shi kwangilar gaba ɗaya yake so, mutumin da bai taɓa ɗora bulo kan bulo ba.

Da rana tsaka ya sami wani boka a dajin Cadakori. Bukka ce ba taga, a tsakiyarta wata tukunya da jini ya daskare a wuyanta, gashin kaji manne da ita. Nomau ya ce bakin gulbi yake so a mallaka masa. Boka ya ce ya roƙi wani abin. Nomau ya durƙusa, ya ƙara farashi, har da kuka. Sai boka ya yanka baƙin bunsuru, ya kwaɓa jinin da yashin gulbi, ya shafa masa a leɓe.

"Baki ka biɗa, na ba ka," in ji boka. "Amma kai za ka ci da shi."

Nomau ya yi murna, a zatonsa an ce da shi zai riƙa cin abinci.

Kwangila ta faɗo hannunsa. Hanya ta miƙe, shaguna suka tashi, ya gina bene yana kallon ruwa. Ranar buɗe matakala, ramin yashi ya rufta da ɗansa Habibullahi. Da rani, gulbi a bushe ƙayau, aka tsinci 'yarsa Rukaiya a gindin matakala, bakinta cike da yashi. Matarsa Batulu ta zautu, kullum tana sauka da kwanon tuwo tana tura loma cikin gaɓa, tana lallashi.

Nomau ya koma wurin boka da gudu, ya ce a karɓe komai a bar masa Auta, ɗan da ya rage.

"Ai na gaya maka," in ji boka. "Kai za ka ci da shi. In ka bar ciyar da shi, za shi zo ya ɗauka da kainai."

Damina ta farko gulbi ya ci matakala, ya ci shaguna, ya ci benen, Auta yana ciki. Meri ta sake aikin da wani, mutane suna shan iska a wurin yau. Nomau na nan gefe cikin tsumma, yana cusa yashi a baki.

Kai mai kwaɗayi, ka ji tsoron Allah. Duk bakin da boka ya buɗe maka, da 'ya'yanka za ka cika shi.